Ɗamarar Darma da Rigar Nutso: Mas'alar Mizani a Ruwan Challawa

Tun daga shekarar 1992, sa'ad da kamfanin Julius Berger ya kammala ginin madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, wadda tsayin bangonta ya kai mita 42, tsawonsa ya kusa kilomita 8, cikinta kuma yana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, mutanen wannan yanki na yammacin Kano, waɗanda galibin kakanninsu ba su san wani ruwa ba sai na rijiya da na kududdufi da na kogin da yakan kawo da damina ya janye da rani, suka wayi gari suna maƙwabtaka da tafkin da ido ba ya ƙure shi. Yaron da aka haifa a Zoza ko Rogo ko Turawa bayan wannan shekara ya tashi ne ya tarar da kwalekwale da birgi da cinikin ɗanyen kifi sun zama abin yau da gobe, har ya yi zaton haka ƙasar take tun fil'azal. Ni'ima ce babba, babu mai musun haka. Amma ruwa mai zurfi yana zuwa da nasa hukunce-hukuncen, kuma wanda Allah ya zaunar da shi a bakinsa, neman saninsu ya zama wajibi a kansa.

Ba mu manta da abin da ya auku a madatsar Watari ta ƙasar Bagwai ba, ran 30 ga Nuwamba, 2021, sa'ad da jirgin ruwa ya kife da mutanen da suka taso daga ƙauyen Badau, aka rasa rayuka aƙalla 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, Allah ya jiƙansu da rahama. A irin wannan rana, da kuma ranakun da labarinsu ba ya kaiwa jarida, sa'ad da yaro ya zame daga gaɓa ko kwalekwalen masunci ya juye da shi, waɗanda ake fara kira su ne masunta da gwanayen iyo na gari, su tuɓe riga su faɗa da numfashin ƙirjinsu kawai, tun kafin ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara su iso daga nesa. Ba na shakka cewa ko ba daɗe ko ba jima kayan nutso na zamani za su shiga hannun waɗannan bayin Allah, ko ta hanyar hukuma, ko ta ƙungiyar agaji, ko ta ɗan'uwan da ya yi aiki a Legas ko Fatakwal ya komo gida da su. To, daga cikin ilmin da ya kamata ya riga kayan isowa akwai wata mas'ala da ake rainawa don ƙanƙantarta, alhali kuwa rai ya rataya a kanta, watau nawa ne nauyin darmar da mai nutso zai ɗaura a ƙugunsa, kuma me ya wajaba ya yi wa wannan nauyi duk ranar da ya sauya rigar nutso, daga marar kauri zuwa mai kauri, ko daga mai kauri zuwa marar kauri.

Asalin mas'alar tsoho ne ƙwarai. Wani masani Bayunane, Arshimidis, mutumin Sarakusa a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, shi ne ya fara tabbatar da ƙa'idar cewa duk abin da aka tsoma cikin ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture ya zauna a gurbinsa. Malaman Musulunci suka karɓi wannan ƙa'ida suka yi mata hidima: Abu Raihan al-Biruni ya ƙera wata 'yar buta mai bututu a wuyanta, yana jefa ƙarfe ko dutse mai daraja a ciki yana auna ruwan da ya malalo, da haka ya fitar da nauyin zinariya da azurfa da darma gwargwadon girmansu, da tahakikin da masana suke jinjina masa har yau, bayansa kuma Abdurrahman al-Khazini ya wallafa Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen shekarar 1121, inda ya tattara ilmin awon abubuwa cikin iska da cikin ruwa. Abin da mai karatu zai riƙe daga wannan duka kaɗan ne. Lita ɗaya ta ruwan daɗi nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka abin da ya ture lita goma, in nauyinsa bai kai kilo goma ba zai taso, in ya wuce zai nutse, in kuwa ya yi daidai sai ya tsaya cak inda aka bar shi, ba sama ba ƙasa. Wannan hali na uku shi ne muradin mai nutso, kuma dukan dabarar darma ba ta wuce nemansa ba.

Jikin ɗan Adam, Allah ya halicce shi dab da wannan daidaito. Ƙashi da tsoka sun fi ruwa nauyi, kitse bai kai shi ba, huhu kuwa, wanda a babban mutum yakan ɗauki iska wajen lita 6 in an cika shi, shi ne ke rinjayar da mizani. Don haka ne mai iyo in ya cika ƙirji yakan kwanta a saman ruwa, in ya fesar da numfashi ya fara sulalewa ƙasa, don haka ne kuma siririn masunci mai tauri, wanda noma da tuƙin jirgi suka ƙone masa kitse, ya fi mai ƙiba saurin nutsewa. Masuntan Kabi sun san wannan a aikace tun ba a rubuta musu shi ba. Duk wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a shekarar 1934 don karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya ga yadda masunci yake kifa cikinsa a kan ƙatuwar gora a kogin Matan Fada, homa a hannu, gorar tana ɗauke da shi, domin ta ture ruwa mai yawa alhali ita kanta ba ta da wani nauyi.

Akasin gora shi ne dutse, kuma ma'abotansa su ne masu nutson lu'ulu'u na ƙasar Larabawa, waɗanda Ibn Baɗuɗa ya ba da labarinsu tun ƙarni na 14. Har zuwa shekarun 1930, sa'ad da lu'ulu'un kiwo na Japan ya karya musu kasuwa, mai nutso a Bahrain da Kuwait da Ƙatar yakan toshe hancinsa, ya sa ƙafa cikin zargen igiya mai ɗauke da dutse ko darma, nauyin ya kai shi ƙasa da sauri. Da ya taka ƙasa sai ya zare ƙafarsa, abokinsa na cikin jirgi ya janye dutsen, shi kuma in numfashinsa ya kusa ƙarewa ya fizgi igiya ta biyu a jawo shi. Sharuɗɗa biyu ne a cikin wannan aiki nasu waɗanda kayan zamani ba su shafe ba: nauyin ya kasance wanda ake rabuwa da shi cikin ƙiftawar ido, kuma kada mutum ya shiga ruwa sai da wani a sama wanda ba shi da aiki sai kula da shi.

Me ya kawo riga cikin zancen? Sanyi ne. Ruwa yana zuƙe zafin jiki wajen ninki 25 fiye da yadda iska take yi, har ruwan da mutum yake jin daɗinsa in ya faɗa ya fito, in ya daɗe a ciki sai karkarwa ta kama shi, yatsu su sandare, tunani ya dushe. A ƙasar Kano kuwa, da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, zafin ruwan tafki yakan sauka zuwa wajen digiri 20, da bazara kuma ko saman ya yi ɗumi akan tarar da sanyi can ƙasa. A shekarar 1930 masanan kamfanin DuPont na Amurka suka haɗa wata roba da ake kira niyofirin. A 1943 Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga silindar da ya goya. A 1952 kuma Hugh Bradner, masanin kimiyya a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fito da rigar nutso ta wannan roba. Sirrin rigar shi ne an cusa wa robar miliyoyin ƙananan kumfa na iska, kowanne a rufe ruf. Ruwa kaɗan yana shiga tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi, kumfan kuma su hana ɗumin tserewa. Sai dai kumfan da ke tsare ɗumi su ne dai ke ture ruwa ba tare da sun ƙara nauyi ba, har ya zama wanda ya sa wannan riga kamar ya shimfiɗa gorar Argungu ne a jikinsa tun daga wuya har idon sawu. In ya so ya nutse ba zai iya ba, sai ya ɗauki darmar da za ta rinjaye ta.

Ana sayar da rigar gwargwadon kaurinta, mafi shahara milimita 3 da 5 da 7, akwai kuma guntuwa mai gajeren hannu da gajeren wando. Lissafin ba shi da wuya. Faɗin fatar matsakaicin mutum ya kusa murabba'in mita biyu, saboda haka kowace milimita ɗaya ta kauri, in ta rufe jiki duka, tana ture ruwa kusan lita biyu; in aka cire nauyin robar kanta, aka kuma lura da cewa masu ɗinki sukan rage kauri a hannu da ƙafa don sauƙin motsi, abin da ya rage yakan faɗa tsakanin kilo ɗaya da ɗaya da rabi ga kowace milimita. Ke nan wanda ya bar riga mai milimita 3 ya koma mai 5 ya ƙara wa kansa tasowar kilo biyu zuwa uku, wanda ya tsallaka zuwa mai 7 kuwa ya ƙara huɗu zuwa shida, in kuma ya haɗa da hula da safar hannu da takalmi na roba, ko rigar ta kasance mai ɓangare biyu da ke ninkuwa a ƙirji, abin ya fi haka. Makarantun nutso suna da wani ƙiyasi da suke ba ɗalibi don somawa: a ruwan teku, riga mai milimita 3 tana neman darma wajen kashi 5 cikin ɗari na nauyin jikin mutum, mai milimita 5 wajen kashi 10, mai 7 kuwa kashi 10 da ƙarin kilo biyu ko uku. Mutum mai kilo 70 ke nan zai soma da kilo uku da rabi a ta farko, da kilo bakwai a ta biyu. Amma su kansu masu wannan ƙiyasi sun shardanta cewa mafari ne kawai, ba ya zama hukunci sai an kai shi ruwa an gwada.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi nazari, domin a nan kuskuren yake aukuwa, kuma ba jahili ne ya fi yinsa ba, wanda ya saba ne. Mu ƙaddara wani saurayi ya koyi nutso da bazara, cikin guntuwar riga, ya gwada ya ga kilo biyu sun ishe shi, har lambar ta zauna masa a ka ya riƙa cewa shi mai kilo biyu ne. Hunturu ya shigo, aka ba shi cikakkiyar riga mai milimita 5, ya ɗaura kilo biyunsa na da ya faɗa, ya yi ta fafutuka da ƙafa yana neman ƙasa ruwa yana mayar da shi. Ko kuma akasin haka, wanda ya fi muni: ya saba da kilo biyar da hunturu, zafi ya dawo ya koma guntuwa, bai rage kome ba. Lambar da ya riƙe ba sifar jikinsa ba ce shi kaɗai. Sakamako ce ta haɗuwar jikinsa da rigarsa da silindarsa da irin ruwan da zai shiga, kuma da ɗaya daga cikinsu ya sauya, hukuncin ya faɗi, sai an sake bincike. Haka nan aron ɗamarar wani bisa hujjar cewa tsawonmu ɗaya, shi ne abin da malaman usulu suke kira ƙiyasi tare da bambanci, wanda ba a gina hukunci a kansa. Har ma riguna biyu da aka rubuta wa kauri ɗaya ba lalle su yi daidai ba, domin sabuwa kumfanta a cike suke, tsohuwa kuwa wadda ta sha nutso ta sha rana ta riga ta lotse, tasowarta ta ragu, ɗuminta ma haka.

Da a ce rigar tana riƙe girmanta duk inda aka kai ta, da mas'alar ta ƙare a nan. Amma ruwa yana da danni, kuma a kowace mita 10 ta zurfi yana ƙara wa jiki matsi kwatankwacin na dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. Wani masani, Robert Boyle, ya bayyana a shekarar 1662 cewa iska tana ƙanƙancewa gwargwadon matsin da ke kanta: a zurfin mita 10 ta koma rabin girmanta, a mita 20 sulusi, a mita 30 rubu'i. Kumfan riga iska ne, saboda haka suna matsewa, ko da yake robar da ke kewaye da su tana ɗan tauye matsewar. Rigar da ke ɗaga kilo biyar a sama, in aka kai ta mita 20 ko 30, ta yi asarar rabin wannan ko fiye, alhali darmar da aka ɗaura dominta tana nan da nauyinta bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Ma'ana, mai nutso yana ƙara nauyi gwargwadon yadda yake ƙara zurfi, kuma mai riga mai kauri ya fi kowa fuskantar wannan. Domin haka aka ƙago wata falmaran mai jaka a ciki, wadda aka haɗa da silinda, mai nutso yana danna maɓalli ya sa mata iska kaɗan in ya sauka don ta maye gurbin abin da rigar ta rasa, ya kuma saki iskar in zai hau.

Wanda ya ɗauki darma fiye da kima yana zaton ya yi rigakafi ne, alhali ya jawo wa kansa wahala ninki biyu. Tun da farko sai ya cika falmaran da iska mai yawa kafin ya daina nutsewa, wannan iska kuwa ita ma tana bin ƙa'idar Boyle: in ya ɗan hau ta kumbura ta fizge shi sama, in ya ɗan sauka ta matse ta sake shi ya faɗa, ya wuni yana kokawa da maɓalli, ƙafafunsa suna reto ƙasa suna tayar da laka, a ruwa irin na Challawa wanda dama da damina ba a ganin tafin hannu a cikinsa, numfashinsa yana ƙaruwa, iskarsa tana ƙarewa da wuri. In falmaran ta huje yana can ƙasa, ko ya fito sama a gajiye, nauyin da ya ɗauka don kariya shi ne zai mayar da shi. Wanda ya ɗauki ƙasa da kima kuwa, musibarsa tana jiransa ne a ƙarshen aiki. Yana iya kama igiya ya ja kansa ƙasa, rigar ta matse, ya ji kome lafiya. Amma sa'ad da zai komo, a mita goma na ƙarshe, inda kumburar iska ta fi tsanani, rigar ta dawo da ƙarfinta, silinda kuma ta yi sauƙi, sai ya kasa tsayawa. Ƙa'ida kuwa ita ce a hau a hankali, kada a wuce mita 9 ko 10 a minti ɗaya, a kuma dakata minti uku a zurfin mita 5, domin iskar naitirojin da ta narke cikin jini ta samu ta fita ta huhu. Wanda ya ɓullo da gaggawa, wannan iska takan yi kumfa cikin jininsa da gaɓoɓinsa, ta jawo azabar ciwo ko shanyewar jiki ko ajali. Wanda kuma ya riƙe numfashi yana hawa bayan ya shaƙa daga silinda, hawan da bai kai mita biyu ba ya isa ya yaga masa huhu.

To, yaya ake gano adadin da ya dace? Hanya ta farko ana yin ta ne a gida, ko ƙafa ba a jiƙa ba. A cika babban duro da ruwa, a sa tsohuwar rigar cikin 'yar raga, a danna ta ƙasa ana juya ta ana matsa ta har iskar da ta maƙale a hannuwa da ƙafafu ta gama fita, sa'an nan a riƙa jefa darma cikin ragar rabin kilo rabin kilo, har a ga ta daina tasowa ta fara sauka a hankali. A ƙidaya darmar a rubuta. A yi wa sabuwar rigar haka nan. Bambancin da ke tsakanin lambobin biyu shi ne abin da za a ƙara a ɗamara ko a rage.

Hanya ta biyu ita ce mai yanke hukunci, kuma ba a barinta don an yi ta farko. Mai nutso ya sa kayansa cif, ya shiga wurin da zurfinsa ya ɗan wuce tsayinsa, kusa da gaɓa, ƙasan kuma an san shi babu kututture babu raga, abokinsa yana kan kwalekwale da ragowar darma a gabansa. Ya ja wuyan rigar ruwa ya shiga ya kori iska, ya sa bututun shaƙa a baki, ya zazzage falmaran sarai, ya tsaya a miƙe ba ya motsa hannu ko ƙafa, ya riƙe numfashi irin na kullum, ba mai cika ƙirji ba. In ruwa ya tsaya masa daidai idanu, in ya saki numfashi kuma ya sulale ƙasa sannu a hankali, to mizani ya daidaita. In haɓarsa tana waje, abokin ya ce masa, "Ɗan'uwa, karɓi kilo ɗaya," a sake. In ya nutse tun bai saki numfashi ba, ya miƙo kilo ɗaya, a sake. Sai dai a kiyaye da wani abu: iska ma tana da nauyi. Silinda mai lita 12 da aka ɗura har awon matsinta ya kai bar 200 tana ɗauke da iska kusan kilo uku, wadda mai nutso zai shaƙe ya fesar a ruwa; saboda haka gwajin ya fi inganci da silindar da ta sauka zuwa bar 50, in kuwa da cikakkiya aka yi, a ƙara wajen kilo biyu a kan abin da aka samu. Shaidar ƙarshe ita ce mutum ya iya tsayawa a mita 5, a ƙarshen nutso, falmaran babu iska ko kaɗan ce a ciki, yana hawa da sauka da numfashinsa kawai. Ranar da ya sami wannan, ya rubuta cikin ɗan littafi: riga kaza, silinda kaza, ruwa kaza, darma kaza.

Wanda ya yi koyo a kudu, a Legas ko a makarantar horar da ma'aikatan man fetur ta Effurun kusa da Warri, in a teku aka auna masa darma, ya sani lambarsa ba ta aiki a Karaye. Ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi da wajen kashi biyu da rabi cikin ɗari, don haka ya fi ɗagawa. Mutumin da shi da kayansa suka kai kilo 90 ko 100 zai rage kilo biyu zuwa biyu da rabi in ya komo ruwan daɗi. Silindar ƙarfe ta fi ta alminiyam nauyi cikin ruwa, ta alminiyam kuwa in ta kusa ƙarewa har tasowa take yi, saboda haka sauya silinda ma yana neman sabon gwaji. Ƙasar Karaye kuma tudu ce, ta ɗara mita 400 bisa teku, alhali jadawalin lokutan nutso da ake koyarwa an tsara su ne don wuraren da ba su wuce mita 300 ba, sai an yi musu gyara. Ina kuma roƙon mai karatu ya gyara wani kuskure da ya yaɗu a bakin jama'a, cewa iskar oksijin ce a cikin silindar mai nutso. Iska ce irin wadda muke shaƙa, an tace ta an matse. Tsantsar oksijin, irin ta asibiti ko ta masu walda, guba ce ga wanda ya wuce mita 6 da ita, takan jefa shi cikin farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa.

Amma wanda ya fi damuna shi ne masuncin da ba shi da silinda ba shi da falmaran, ya dai sami rigar roba don sanyin hunturu, ya ga ta hana shi nutsewa, ya nemi ƙarfe ko dutse ya ɗaure a ƙugu da igiya. Shi ba shi da maɓallin da zai danna in rigar ta matse, ƙirjinsa ma yana matsewa tare da ita, don haka sauka takan yi masa daɗi, hawa kuwa ta zo masa da nauyi daidai lokacin da numfashi ya ƙare. Hukuncinsa ya saɓa wa na mai silinda: nauyinsa ya zama kaɗan, ta yadda ko ya fesar da numfashi a saman ruwa ba zai nutse ba. Gwanayen wannan fanni, masu zuwa da zurfi, sukan daidaita darmarsu ne ta yadda ba za su daina tasowa ba sai sun kai wajen mita 10, domin suma ta ƙarancin iska ta fi kama mutum dab da fitowa, kuma wanda ya suma yana tasowa ana iya cetonsa, wanda ya suma yana nutsewa kuwa sai dai a nemo shi.

Ita ɗamarar kanta, sharaɗinta shi ne ta kwance da hannu ɗaya, da fizga ɗaya, kuma a ɗaura ta bisa sauran kaya, kada wani maɗauri ya haye ta. Ƙullin igiya da ya jiƙe ba ya kwantuwa ga yatsun da sanyi ya sandarar. A raba darmar daidai dama da hagu, a kuma ƙara ɗame ɗamarar in an sauka, domin rigar in ta matse ƙugu yakan rage, ɗamara ta juya maɓallinta ya koma baya. An zaɓi darma ne saboda ta fi ruwa nauyi ninki goma sha ɗaya, kilo biyar nata cikin ruwa suna nan kilo huɗu da rabi, alhali kilo biyar na dutse ba su fi uku da ɗan kai ba. Sai dai darma guba ce, kuma mu mutanen Arewa mun ga shaidar haka a Zamfara a shekarar 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum saboda ƙurar darmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka a gidaje. Wanda zai fasa tsohon batirin mota ya narka darmarsa a tsakar gida, a murhun da ake girki, kusa da inda yara suke rarrafe, ya ɗauki alhakin iyalinsa. A nemi wadda aka lulluɓe da roba, a wanke hannu bayan an taɓa ta, a ajiye ta nesa da yara.

Abin da na rubuta bayani ne don a fahimta, ba ya maye gurbin malamin da zai tsaya a kan ɗalibi cikin ruwa, kuma babu wanda ya halatta ya goya silinda ya shiga Challawa, inda itatuwan da ruwa ya cinye suke tsaye a ƙasa da tsofaffin ragogi a maƙale, inda kuma mashigar bututun madatsa take iya tsotse mutum ta riƙe, bisa dogaro da maƙala a mujalla. Kirana ga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are mai kula da madatsar, da Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, da shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, shi ne su zauna da sarakunan ruwa, a zaɓo samari daga cikin masuntan da suka riga suka san tafkin, a kai su horo na sosai har su sami shaida, a saya musu riga ta hunturu da ta bazara, kowane mutum da ɗamararsa da littafinsa, a kuma wajabta musu gwajin darma a bakin gaɓa duk lokacin da aka sauya riga, tun kafin ranar da za a kira su da gaggawa.